Yadda ake saita lokaci a bututun gano muwon, tun daga t0 har layin barbashi ya zauna daidai

Wanda bai taɓa zama gaban wannan aikin ba zai ɗauka na'urar gano barbashi hoto take ɗauka kamar kyamara, alhali da yawansu agogo ne kawai. Lokaci suke aunawa, mu ne muke juya lokacin nan ya koma tazara, sannan mu zana hanyar da barbashin ya bi. Toh in agogon ya goce da nanosakan biyu ko uku, layin da ka zana ma ya goce, kuma kwamfuta ba za ta ce maka uffan ba, lambobi za ta ci gaba da zubo maka masu kyan gani. Nanosakan shi ne ka raba sakan ɗaya gida biliyan ka ɗauki ɗaya, haske ma santimita 30 kacal yake iya ci a cikinsa. In kana ganin abin wasa ne ka tuna gwajin OPERA, a watan Satumba na 2011 suka sanar cewa niyutirino, wasu ƙananan barbashi da ake harbowa daga CERN, cibiyar binciken barbashi da ke kusa da Geneva, zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730, suna riga haske isa da kusan nanosakan 60. Duniya ta ɗauka. A farkon 2012 aka gano babban dalilin, wayar faiba ce da ke kai siginar GPS zuwa agogonsu ba ta ɗauru da kyau ba. Manyan masana ne fa, masu taka-tsantsan.

Zan yi bayanin da bututun MDT, masu gano barbashin da ake kira muwon a ATLAS, babbar na'urar gwaji da ke CERN, saboda su ne lambobinsu suka fi zama min a ka, amma duk na'urar da ke aiki da tafiyar ilektiron cikin gas kusan haka ake bi da ita.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. Bututu ne na alminiyam mai faɗin milimita 30, a tsakiyarsa an ja siririyar waya ta tangistin da reniyam mai kaurin maikiromita 50 (maikiromita shi ne ka raba milimita gida dubu ka ɗauki ɗaya), an cika shi da argon kashi 93 da CO2 kashi 7 a matsin bar 3, wato kusan ninki uku na matsin iskar waje, wayar kuma an ɗora mata wuta volt 3080. In muwon, barbashi mai caji irin ilektiron amma ya fi shi nauyi, ya ratsa sai ya fizge ilektiron daga jikin gas ɗin a kan hanyarsa, su kuma su nufi wayar, dab da ita su hayayyafa har su zama siginar da za a iya karantawa. Waɗanda suka fara isa su ne na wurin da muwon ɗin ya fi kusantar waya. Wanda ya bi ta jikin waya siginarsa nan take, wanda ya bi ta jikin bango sai an jira wajen nanosakan 700. Kenan bututu ɗaya ba ya gaya maka ta ina aka bi, da'ira kawai yake ba ka kewaye da wayar, sai ka haɗa da'irori shida ko takwas na bututun da ke jere ka nemo miƙaƙƙen layin da ya shafi gefen kowacce. Raba milimita 14.6 da nanosakan 700, za ka samu kusan maikiromita 20 a kowane nanosakan, kuma kusa da waya gudun ya fi haka. Shi bututun ana so ya auna daidai har maikiromita 80. Kaga kuskuren nanosakan huɗu ya cinye maka komai. Dalilin wannan tsananin kuwa, muwon mai ƙarfi sosai, TeV 1 a ma'aunin kuzarin barbashi, lanƙwasar da maganaɗisun ATLAS ke masa ba ta wuce maikiromita 500 ba, kuma ana so a auna ta da kuskuren da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, wato maikiromita 50, a na'urar da ke da bututu kusan 350,000.

Abin da TDC, agogon ilektironik da ke buga lokacin sigina, ke rubuta maka ba lokacin tafiyar ilektiron ba ne zalla. A cikinsa akwai jinkirin wayoyi da na ilektironik da na tiriga (mai sanar da cewa muwon ya wuce), wannan dunƙulen shi ake kira t0, akwai lokacin da muwon ya ɗauka kafin ya iso bututun, akwai lokacin da sigina ta ɗauka tana bin waya zuwa bakin da ake karantawa, akwai kuma ɗan jinkirin da girman siginar ke jawowa. Aikin gaba ɗaya ɓare waɗannan ne ɗaya bayan ɗaya har ainihin lokacin ya rage.

Kafin ka ɗauki data ko ɗaya, je ka duba gas. Na san mutane na ƙosawa da wannan amma wallahi rabin wahalar daga nan take. A tabbatar an wanke bututun da sabon gas har tsohuwar iska ta fita, matsi ya tsaya cak, wuta ta kai inda ake so, kuma ana rubuta zafin ɗakin. CO2 in ya ɗan ƙaru kaɗan tafiyar ilektiron sai ta yi nauyi, danshi in ya shiga haka, zafi in ya canza nauyin gas ɗin ya canza. In ka haɗa datar safe da ta tsakar rana a ɗakin da babu na'urar sanyaya ɗaki, ka haɗa bututu biyu daban ne kana zaton ɗaya ne.

Sai maganar tiriga, wato wa ke cewa "yanzu muwon ya wuce". A cikin ATLAS lokacin da LHC, injin da ke haɗa barbashi karo, ke aiki abin da sauƙi ta wannan ɓangaren, don ana karo ne duk nanosakan 25 kuma agogon na'urar a ɗaure yake da na injin, wasu na'urori masu saurin amsawa, RPC a tsakiya da TGC a gefuna biyu, su ke nuna wane karo ne ya haifi muwon ɗin. Amma in a ɗakin gwaji kake da muwon masu saukowa daga sama, waɗanda kusan guda ɗaya ke ratsa kowane santimita murabba'i a minti ɗaya, su babu ruwansu da agogonka, duk sanda suka ga dama suke zuwa. Za ka sa sintileta, falle mai haskawa in barbashi ya ratsa shi, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, in duka biyun suka haska tare shi ne tiriga, toh dole ka shigar da siginar sintiletan ita ma cikin TDC ka auna lokacinta, ka riƙa cire shi daga lokacin kowane bututu. In ba ka yi haka ba kowane muwon zai zo da nasa kuskuren tsakanin sifili da nanosakan 25, kuma babu wani lissafi a gaba da zai goge maka shi.

Yanzu ɗauki data, ka zana histogiram na lokaci, wato hoton yawan siginar da ta iso a kowane lokaci, ga kowane bututu shi kaɗai. TDC ɗin MDT yana raba nanosakan 25 gida 32, kenan kowace ƙidaya ɗaya nanosakan 0.78125 ce, ka ninka da wannan tun farko kar ka zo kana haɗa ƙidaya da nanosakan a lissafi ɗaya. Lafiyayyen bututu siffarsa sananniya ce, fili shiru da ɗan hayaniya a ƙasa, sai tashi tsaye kamar bango, sai tsauni a farko saboda gudun ya fi yawa kusa da waya, sai ya gangaro a hankali ya miƙe, can wajen nanosakan 700 ya faɗi. Ka zauna ka kalle su da idonka, ko da ɗari biyu ne. Wanda babu komai a cikinsa ya mutu ko waya ta tsinke, wanda ya cika da hayaniya ko'ina ka ware shi. Hayaniyar ilektironik yawanci cajinta ƙarami ne, shi ya sa ake amfani da lambar ADC, wato ma'aunin cajin sigina, a yanke duk abin da ke ƙasa da tudun sigina na gaske, amma ka zana ADC ɗin ka ga inda kwarin yake tsakanin tudu biyun kafin ka yanke, kar ka kwafi lambar wani.

Ni na taɓa ganin histogiram mai bango biyu, tashi ɗaya sai ɗan fili sai wani tashin, tazarar kusan nanosakan 10. Mun haɗa datar kwana biyu ne, ashe a tsakani an canza wayar kowaks ta sintileta da wata da ta fi ta tsawo da mita biyu, ba a rubuta a littafin ɗaki ba. Irin wannan wayar nanosakan 5 take ci a kowace mita. Da ban kalli hoton ba, fitin, wato daidaita lanƙwasar lissafi a kan histogiram ɗin, zai ba ni lamba ɗaya a tsakiyar bangon biyu, lambar da ba ta dace da ranar farko ba ba ta dace da ta biyu ba. Tun daga ranar ko filogi aka taɓa sai na buɗe sabon ran, wato sabon zangon ɗaukar data mai lambarsa.

Kafin ka nemi t0, cire abubuwa biyun da ka riga ka san lissafinsu, kuma wannan jerin yana da muhimmanci, in ka nemi t0 tukuna bangon zai fito a kwance ba a tsaye ba. Na farko lokacin tafiyar muwon. Gudunsa kusan na haske ne, ɗakin bututu, wato rukunin bututun da aka haɗa wuri ɗaya, da ke mita 10 daga wurin karo sai bayan nanosakan 33 zai gan shi. Ga masu saukowa daga sama ka kula, a rabin na'urar na sama muwon ɗin yana shigowa ne daga waje zuwa ciki, kishiyar na karo, alamar lissafin sai ta juya, da yawa sun sha wuya a nan. Na biyu tafiyar sigina a kan waya. Bututun MDT akwai mai kusan mita 1 akwai mai kaiwa mita 6, kuma baki ɗaya ake karantawa, siginar da ta taso daga can ƙarshen mai mita 6 za ta makara da kusan nanosakan 20 a kan wadda ta taso a bakin. Shi bututun bai san a ina tsawonsa aka ratsa ba, sai ka aro wannan daga RPC ko TGC, a ɗakin gwaji kuma daga sintileta, ko ka rage faɗinta ta rufe ɗan yanki kawai.

Toh yanzu t0. Ana ɗora wa bangon farkon nan lanƙwasar Fermi, wato N(t) = B + A / (1 + exp(−(t − t0)/T)). B hayaniyar ƙasa ce, A tsayin bangon, T yana nuna kaifinsa, 'yan nanosakan ne in komai lafiya, t0 kuma daidai rabin hawan. A ROOT, manhajar nazarin data ta CERN, layin kod kaɗan ne, wahalar tana wajen zaɓen iyakar fitin. Ka faro daga cikin filin hayaniya sosai don B ya samu abin kamawa, ka tsaya jim kaɗan bayan ƙololuwa, in ka zarce cikin gangaren zai ja t0 ya karkata, sai dai in ka ƙara wa A ɗan gangare a lissafin. Ka ba shi lambobin farawa masu hankali, misali wurin da histogiram ya fara kai rabin tsayinsa. Kuma ka yi fitin na laikilihud, hanyar da ta dace da ƙaramar ƙidaya, saboda gidajen da ke ƙasan bango ƙidayarsu kaɗan ce, wasu ma sifili, ɗaya hanyar fitin, kai-sukwaya, ba ta iya musu. Ni ba na yarda da t0 na bututu ɗaya sai ya tara sigina wajen dubu goma. In ba su kai ba gara ka haɗa bututu 24 da ke kan kati ɗaya na ilektironik ka ciro musu t0 guda, tunda hanyarsu ɗaya, ya fi ka riƙe lamba 24 da kowacce ke rawa.

Ka yi irin wannan fitin a bangon ƙarshe ka samu tmax, sannan ka cire t0 daga ciki. Wannan bambancin shi ne ma'aunin lafiyar gas ɗinka, wayoyin haɗi ko tiriga ba sa taɓa shi tunda duk jinkirinsu ya fita a ragin. In t0 ya motsa amma bambancin na nan, matsalar ilektironik ce ko waya. In bambancin ne ya motsa, koma wajen gas da zafi da wuta. Sannan ka jera t0 na duk bututun a hoto ɗaya bisa lambarsu, za ka ga suna tafiya rukuni-rukuni na 24, wanda ya fita daga rukuninsa shi kaɗai ka koma ka kalli histogiram ɗinsa.

Mataki na gaba shi ne alaƙar lokaci da tazara, r(t). Ta farko ana samunta da dabara mai sauƙi. In muwon suna ratsa bututun ko'ina daidai wa daida, to yawan siginar da ta iso kafin lokaci t, in ka raba da jimilla, daidai yake da r a raba da milimita 14.6. Tara histogiram ɗin daga t0 zuwa gaba kawai, ka samu lanƙwasarka. Ba ta isa aiki ba, don akwai ilektiron ɗin delta da muwon ke bugowa su riga na gaskiya isa waya, kuma dab da bango bututun na yawan kuskure sigina, amma ta isa a fara zana layi da ita.

Daga nan sai na'urar ta gyara kanta da kanta, kuma a nan ne za ka san ko t0 ɗin da ka samu na gaske ne. Ɗauki muwon masu tsabta, sigina ɗaya a kowane jeri, babu tarkace a gefe. Juya lokutansu su koma da'irori, nemo layin da ya shafe su duka, ka gwada ta hagu da ta daman kowace waya ka ɗauki wanda ya fi dacewa. Sai ga kowane bututu ka auna ragowa, wato tazarar da r(t) ta ba ka a cire tazarar layin daga waya. Abin da nake roƙonka a nan, cire bututun da kake aunawa daga cikin fitin layin, ka zana da sauran, sannan ka tambaye shi. In ka bar shi a ciki zai ja layin zuwa kansa, ragowar ta fito ƙarama ka yi ta murna a banza. Zana matsakaicin ragowa bisa r, gyara r(t) da abin da ka gani, sake zana layukan, sake aunawa, haka haka har gyaran ya koma 'yan maikiromita ya daina motsi. Dole kuma muwon ɗin su zo ta kusurwa daban-daban. In duk ta kusurwa ɗaya suke zuwa akwai karkatar r(t) da layin zai shanye ta hanyar matsawa gefe, ragowa ta nuna sifili alhali kuskuren na nan zaune.

Kuskuren t0 yana da kamanninsa a wannan hoton. Tunda ilektiron sun fi gudu kusa da waya, nanosakan ɗaya a can ya fi nanosakan ɗaya a bakin bango tsada, sai ka ga ragowar ta yi girma a ƙananan r ta kankance a manya, duk ta gefe ɗaya. In ka raba ragowar da gudun wurin ka ga lamba ɗaya take bayarwa ko'ina, wannan lambar ita ce gyaran t0 na bututun, ka mayar masa. Hatsarin shi ne r(t) guda ake yi wa ɗakin bututu guda ko babban yanki, in t0 na bututu ɗaya ya goce kuma ka bar r(t) ta shanye, ka ɓata wa sauran ɗaruruwan. Shi ya sa nake zana ragowar kowane bututu daban bayan an gama, ba ta ɗakin gaba ɗaya kaɗai ba.

Saura jinkirin girman sigina. Ilektironik na buga lokaci ne sanda sigina ta haye wani mataki da aka sa mata, babbar sigina tana hayewa da wuri, ƙarama sai ta ɗan makara ko da tare suka taso. Juya ragowar ta koma nanosakan, zana ta bisa lambar ADC, za ka ga layi mai gangare, ɗora masa lanƙwasa mai sauƙi ka cire. 'Yan nanosakan ne amma kusa da waya suna da tasiri sosai. Bayan ka sa wannan gyaran bangon farko zai ƙara kaifi kuma zai ɗan matsa, saboda haka koma ka sake fitin t0, ka sake r(t). Zagaye biyu yawanci ya wadatar.

In akwai maganaɗisu, saitin da ka yi yana kashe ba zai yi aiki yana kunne ba. Ƙarfinsa a tsakiyar sashen muwon na ATLAS wajen rabin tesla ne kuma ba ɗaya ba ne ko'ina, yana karkatar da ilektiron su bi doguwar hanya zuwa waya, lokacin ya ƙaru, sai an gyara kowace sigina da ƙarfin wurin da take. Wuraren da barbashi ke yawan ratsawa kuma, ayon, wato ƙwayoyin gas da aka fizge wa ilektiron, da suka taru cikin gas suna canza wutar cikin bututun, shi ma da nasa gyaran. Yawan wannan aikin ne ya sa ATLAS ta ware wa saitin MDT hanyar data ta musamman, ta raba lissafin ga cibiyoyi uku, Michigan da Munich da Roma.

Kar ka gwada saitin da datar da ka yi shi da ita. Tun farko raba ta biyu, rabi na saiti rabi na jarrabawa, a rabin na biyun ka duba ragowa ta zauna kan sifili a kowane r, faɗinta kuma ya kusanci maikiromita 80 a matsakaici, ya fi muni kusa da waya ya fi kyau can waje, haka yanayin bututun yake. In datar karo ce ka haɗa muwon biyu-biyu ka lissafa nauyin barbashin da ya haife su a ma'aunin GeV, ka ga tudun barbashin J/psi ya tsaya a GeV 3.1 na barbashin Z kuma a 91.2, faɗinsu bai ƙaru ba. Sannan ka adana t0 da r(t) tare da lambar ran da suka fara aiki da wadda suka ƙare, da zafi da matsin gas na ranar, da sigar kod ɗin da ta fitar da su. Duk sanda aka canza kati, ko waya, ko kwalbar gas, ko aka taɓa saitin tiriga, rufe waccan lambar ka buɗe sabuwa, ka ɗauki sabon ran ka fara daga histogiram.